Albasa a Tagar Coci

Yayata Kande ba ta taɓa shiga coci ba sai ranar da Obinna, ɗan ƙawarta, ya aiko mana keke napep. Sun sa tagar gilashi mai launi don tunawa da mahaifiyarsa, kuma wai dole Kande ta gani.

Tun zuwanmu Onisha, rumfar albasar Kande a kasuwar Ose tana jikin ta barkonon Mama Obinna. Sai ranar nan aka ga Mama Obinna ta sayi albasa wajen Gimba, wani mai albasa a kasuwar. Shi ke nan fa, Kande ta ɗauke gaisuwa, ta tafi Kano biki da fushinta. Kafin ta dawo an binne ƙawarta. Abin da ke cin ta ɗaya ne: ko matar ta tafi tana riƙe da ita a zuciya.

A keke kuwa bakinta bai huta ba. Ta gyara mayafi, ta tambaye ni ko ana sallama, ta yi dariyar da ba dalili. Muna isa ƙofa ta tuɓe takalma ta ajiye gefe, ni ma na bi. Matan cocin suka dubi juna, suka ɗauka wata girmamawa ce ta mamaci, su ma suka shiga tuɓewa. Ga mu nan jere ba takalmi, har da matar da ke riƙe da makullin ƙofa. Na danne dariya har cikina ya ƙulle.

Tagar ta fi mutum tsawo. Rana ta bugo ta, ja da shuɗi suka zubo mana a ƙafa. Ga hoton Mama Obinna a jikin gilashin, da ɗaurin ɗankwalinta, kanta a ɗage. Obinna ya ce mai aikin tagar ya so sa mata fure a hannu, amma tun tana asibiti ta faɗi abin da take so.

Albasa ce, jajaye, a ɗan buhun raga, an ɗaure bakinsa da tsumman atamfa. Duk Ose Kande kaɗai ke ɗauri haka.

"Mama ta ce ta Gimba ba ta kwana uku ba ta ruɓe," in ji Obinna. "Ta ce in gaya miki, na you win, wato ke kika yi nasara."

Kande ta tuntsure da dariya har ta zauna a benci, hawaye na bin kumatunta. "Ai na gaya mata," ta ce wa tagar. "Wallahi na gaya miki."