Warin Ƙarƙashin Kujerar Baba

Tun daga Gwandu nake jin warin. Motar Ashiru ce, ƙanin mijina, wata tsohuwar ƙaramar bas mai inji a ƙarƙashin kujerar gaba. Duk damina tana ajiye a gindin rumbu, sai ranar ya tashe ta don ya kai mu Kalgo gaisuwar rasuwa. Baba, surukina, yana gaba. Ni ina bayansa, gyale a hanci.

Ciki ne da ni, na fari, kuma ban da mijina babu wanda ya sani. Ni da ko ruwa ba na iya sha a gaban Baba, yaya zan yi amai yana kallo? Sai na cije haƙora, na yi ta haɗiye yawu.

Muna tsakiyar gonakin shinkafa motar ta fara shaƙewa, ta fitar da baƙin hayaƙi, ta mutu. Ashiru ya murɗa makulli. Ta yi ta kuka amma ta ƙi tashi.

"Mi ya same ta?" in ji Baba.

"Batir ne, Baba. Yanzun nan."

Muka sauka. Da Ashiru ya ɗaga kujerar, zafin inji ya bugo ni tare da warin, har idona ya kawo ruwa. Ya ƙwanƙwasa kan batir da dutse, ya danna oda, ta yi ƙara sosai. Ba batir ba ne. Ya ce to mai ne ba ya zuwa. Ya zare tiyo ya sa a baki, ya zuƙa, ya tofar da fetur dab da ƙafata, ya share leɓe da bayan hannu. Mai yana zuwa. Ya kwance filogi, ga su baƙi ƙirin, ya tofa musu yawu ya goge da bakin rigarsa, rigar da zai shiga gidan makoki da ita. Ya mayar. Shiru.

"Matar yaya," ya ce yana dariya, "kin toshe hanci kamar mun shigo mahauta. Motar tawa ce ba ta kai ki ba?"

"Rabu da ita, ɗan banza, ka yi aikinka," in ji Baba. "Ni ban ji komai ba."

Ni kam na san daga inda warin yake fitowa. Wani baƙin akwatin roba ne a gefen inji, mai ƙaton tiyo a jikinsa. Amma in na faɗa, za su ce yaya aka yi ni kaɗai nake ji. Rana ta yi ta hawa, babu inuwa. Da na ga Ashiru ya kwanta zai shiga ƙarƙashin mota, na matsa kusa da shi, kaina a ƙasa.

"Buɗe wancan," na ce a hankali.

"Gidan iska? Mi za a samu ciki?"

Ya ɓalle murfin. Tsumma da ƙaiƙayi suka zubo, sai ga ƙaton ɓera ya kumbura ya toshe bakin tiyon, tsutsotsi suna motsi a cikinsa.

"Subhanallahi!" Baba ya ja da baya.

"Shi ya sa! Ta ina iska za ta shiga?" Ashiru ya kama wutsiyar ya ja. Wutsiyar ta zo hannunsa, ɓeran yana nan inda yake.

Na nufi bakin hanya, amma ban kai ga ciyawa ba. Nan na durƙusa na amayar da kunun safe, har ya fantsama a takalmin Baba. Na yi, na sake yi. Na so ƙasa ta tsage.

Ashiru ya dube ni, ya washe baki. "Af! Ashe dai matar yaya..."

"Rufe mini baki," in ji Baba. Ya juya mini baya, ya tsaya yana kallon shinkafa kamar gonarsa ce. "Ɗauko buta ka ba ɗiyata. Ka wanke hannun nan tukuna, ƙazami."

Da sanda Ashiru ya ƙwaƙulo sauran. Murɗawa ɗaya motar ta tashi. Baba ya goge takalminsa a ciyawa, ya shiga, bai waiwayo ba.

"Ka bi ramuka a hankali," ya ce wa Ashiru.

Na ja gyale na rufe fuskata gaba ɗaya. Haka na shiga Kalgo.