Fim Ɗin Masu Sheƙa

Ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare na fara ɗaukar fim, da tsohuwar wayar yayana wadda gilashinta ya tsage. Kaji na fara ɗauka a tsakar gidanmu a unguwar Sauka Kahuta, sai ruwan sama yana zuba daga kwano, sai ƙafafun ɗalibai a kan layi. 'Yan ajinmu suka raɗa mini suna Kafayatu Darakta, don su yi dariya. Na karɓi sunan, har yau ban mayar musu ba.

Malam Gaiya, mai koya mana adabi, shi ya fara kallon abin da nake yi ba tare da murmushi ba. Ya ce, "Kina da ido, amma kina tsoron mutane. Ina fuskoki?" Da muka shiga babbar sakandare ya ara mini kyamarar ƙungiyar wasan kwaikwayo, ni kuma na nufi Kasuwar Kure, layin masu hatsi, inda mahaifiyata ke sayar da gero da dawa.

Kuskurena shi ne na sanar da matan layin ranar da zan zo. Da na iso, ban gane layin ba. An share, an kawar da buhuna, matan duk sun sha anko. Mama Susan, maƙwabciyar rumfarmu, ta kafa gwaggwaro kamar za ta coci ranar Kirsimeti, tana riƙe da faifai da yatsu biyu don kada lalle ya lalace.

"Mama Susan, ku yi aikinku kawai," in ji ni.

"Da wannan leshin? Ke yarinya, a ɗauke mu haka. Mutanena na Kafanchan za su gani fa."

Suka jeru suna kallon kyamara, ba mai ƙiftawa. Na koma gida da fim ɗin gumaka.

Da na yi ƙorafi, Mama, mahaifiyata, ta ajiye mudu ta dube ni. "So kike duniya ta gan mu buɗu-buɗu da ƙura? To ji nan. Ki gama abinki ki nuna mana. In kin kunyata mu, kin bar kyamara ke nan, karatun fim ɗin da kike mafarki kuma ki manta da shi."

Ban roƙe ta ba. Na ce na yarda.

Daga nan kullum aka tashi makaranta sai in wuce kasuwa da rigar makaranta, kyamara rataye a wuya, a kashe. Na ɗinke buhu, na tsince tsakuwa, na sha zagi in na zubar da awo. Damina ta zo ta wuce. Suka gaji da gyara kallabi in sun gan ni, suka gaji da tambayar ko ta kama. Wata rana Mama Susan ta ɗora ƙullin gyaɗarta a kan kyamarar da na ajiye a gefe, ta ɗauka dutse ne. Ranar na san lokaci ya yi. Na ce musu, "Daga yau a kunne take." Ba wadda ta ɗago kai.

Sai da na kai ajin ƙarshe na gama haɗawa. Malam Gaiya ya kawo majigi wata Asabar da la'asar. Muka shiga ɗakin ajiyar hatsi, muka ja ƙofa, muka rataya farin zani a kan buhuna. Matan suka zauna suna ta shewa. Malam Gaiya ya kunna majigin.

Hoton ya fito. Rana ce ta ratso ta ɓular kwano, Mama tana tsaye a cikinta, ta ɗaga ƙwarya sama da kanta. Gero yana gangarowa kamar igiya, ƙaiƙayi yana tashi yana walƙiya kewaye da ita. Bayanta mata shida suna bakace, faifansu yana faɗuwa tare, kamar wani ya kaɗa musu ganga. Ni na ɗauka, na kalla ya fi a ƙirga a ƙaramin allo, amma ban taɓa ganin girmansa ba sai ranar. Shewa ta mutu. Ba ka jin komai sai ƙarar hatsi.

"Yesu," in ji Mama Susan a hankali. "Halimatu, ke ce wannan?"

Mama ta ƙura wa hoton ido. A jikin zanin, ga ta tana goge gumi da bakin mayafi, ƙura har a gashin ido. Wurin da na fi jin tsoro ke nan.

Da ya ƙare aka buɗe ƙofa. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, tana juya shi.

"Shekara da shekaru ina wannan aiki," ta ce, "ban taɓa ganinsa ba." Sannan ta juya ga malamina. "Malam, a ina ake karatun nan? Akwai ɗakin kwanan mata?"

"Akwai, Hajiya."

"To." Ta miƙe ta kakkaɓe zani. "Kafayatu, maimaita mana daga farko. Susan, matsa, kanki ya tare ni."