Allura a Zabirar Kalilu

Shekarar da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, samarin garin Isa suka watse cin rani. Wani ya dawo da rediyo, wani da takalmi. Wada ɗan Kalilu wanzami kuwa da allurar maye ya dawo.

Sammani, wan Kalilu, ba ya son dogon zance. Ya ce ran Juma'a a kai yaron gidan mari, a ɗaure ƙafar har hankali ya komo. Habi ma'aikaciyar lafiya, mai raba wa masu irin wannan hali sabbin allurai kyauta, ta zo da tata shawarar.

"Baba, bar shi shi zo shi amsa. In sunka bar tarayya da allura guda, sun tsira daga cuta. Magani shi biyo baya."

"Ɓarawo na hawan katanga, ke ko kina miƙa mai tsani!" in ji Kalilu. Ya tsaya kan Juma'a.

Ran Alhamis da hantsi ya zagaya bayan rumbu neman akuya, sai ga Wada da abokansa uku, allura ɗaya tana zagaya su kamar ludayin fura. Abin dariya, ba mayen ne ya fara ɓata masa rai ba. Shekara ashirin ke nan dokarsa ɗaya: kai guda, reza guda, ko hakimi ne ya zauna.

"Ɗan wanzami! Ƙarhe guda, jini huɗu? Ina ka ga an yi haka gidanmu?"

Yana rufe baki tsoro ya kama shi, don ya san abin da ƙarfe ke ɗaukowa daga wani jini. Ya kuma san yara biyu da suka fito daga mari, sati bai cika ba suka koma bayan rumbu.

Ya je wurin Habi, ya sha kunya, ya cika zabira da sabbin allurai. Sharaɗinsa shi ne Wada ya zo da kansa kowace safiya, ya kawo tsohuwar allura ya amshi sabuwa, ya sha kunu a gabansa, ran kasuwa kuma su tafi asibiti tare.

Ran Juma'a Sammani ya iso da maƙerin da zai sa mari, ya tarar da haka.

"Kalilu, yaushe za shi bari?"

"Ban sani ba, Yaya," ya ce, idonsa ya cika da ƙwalla. "Ni dai riƙe shi za ni yi da rai. Gawa ba ta tuba."