Sunan da Kum Ya Raɗa wa Jikana

A garinmu na gefen kogin Morava ana cewa Allah na farko, kum na biyu. Kum shi ne wanda ya tsaya a bayanka ranar aurenka, shi zai riƙe 'ya'yanka da jikokinka a baftisma, kuma daga bakinsa sunan jariri ke fitowa. Iyaye na iya roƙo, amma yanke magana tasa ce. Kum ɗin gidanmu Gvozden ne, mai shagon tayoyi a bakin tasha, aminin mijina Obrad tun suna yawo ba takalmi.

Da Obrad ya kwanta ciwon ajali, ina zaune a wurin ya kama hannun Gvozden ya ce, "Kum, in Rastko ya samu ɗa namiji, kada sunana ya bi ni kabari." Rastko shi ne ɗanmu tilo. Gvozden ya yi kuka har da majina, ya sumbaci gicciyen wuyansa, ya ce muddin yana numfashi yaron zai amsa Obrad. Na yarda da shi. Wa zai ƙi yarda da ƙaton mutum yana kuka?

Ni Milunka, na tsufa ina koyar da ilimin halittu a sakandaren garin. Ranar Lahadi ina rera waƙa a coci, ranar Litinin ina koya wa yara yadda halittu ke sauyawa sannu a hankali daga zuriya zuwa zuriya, kuma ban taɓa jin ɗaya ya taka ƙafar ɗaya ba. Shi ma Gvozden bai ji ba a da. Gwanin kiwon tattabaru ne, kuma duk shekara in na iso wannan darasi shi ke ɗauko keji ya zo aji, ya nuna wa yara yadda yake zaɓen masu dogon fiffike yana haɗa su, har ya samu irin da kakanninsu ba za su gane su ba. Yara sun fi son ranarsa da tawa.

Sai siyasa ta shige shi. Ya shiga wata jam'iyya mai kiran gida da addini, ya fito neman shugabancin ƙaramar hukuma. Mutumin da ke cin tsiren alade a tsakiyar babban azumin coci ya tara gemu, ya koma sahun gaba a coci, yana sunkuyawa kamar mai neman allura. Hanyoyinmu duk ramuka, asibiti ba magani, amma shi abin da ya gano yana damun garin shi ne babi ɗaya a littafin 'yan aji biyu. Aka cika bango da hotonsa, a ƙasa an rubuta cewa 'ya'yanmu ba jikokin biri ba ne. Bai taɓa kiran sunana a taro ba. Ba ya bukata, tunda malamar wannan darasi ɗaya ce a garin. Matan da muke waƙa tare suka fara matsawa in na tsaya kusa da su, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ana cikin haka Tijana, matar Rastko, ta haifi namiji. Na ɗauki kwalbar barasa da burodin gida kamar yadda aka saba, na tafi sanar da kum. Na same shi a kan rufi yana watsa wa tattabaru hatsi.

"Malama!" ya ce, yana buɗe hannuwa. "Namiji? Kai, Obrad, ka ji? Ka dawo!"

"Ajiye ihun, Kum. Ni da kai akwai magana. Wane biri ne ya cije ka?"

Ya fashe da dariya har tattabaru suka watse. "Haba Milunka, ke ma kin ɗauka da zafi? Siyasa ce. Mutane ba sa jin maganar kwalta, kowa ya yi musu alkawarinta. Amma ka ce musu an zagi kakansu, sai su biyo ka har rumfar zaɓe."

"A ajina ake zagin kakan nasu, ko? Kai ka kawo kejin."

"Wannan tsuntsu ne, wancan mutum. Ke dai yi haƙuri a wuce zaɓe, ki koyar da abin da kika ga dama, ko ki ce daga kwaɗo muka fito."

"Sunan fa?"

Nan ya daina dariya, ya dafa ƙirji. "Kin taɓa jin kum ya ci amanar mamaci? Kada ki ɓata mini rai, 'yar'uwa."

Ya roƙi abu ɗaya, a yi baftismar ranar Lahadin ƙarshe kafin zaɓe, wai bayan nan ba zai samu sukuni ba. Raina bai kwanta ba, domin in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Amma na ce a raina iyakarta ya ɗauki hoto da jariri, ya ƙara ƙuri'a goma. In dai yaron zai amsa Obrad, ya ɗauki hoto har ya gaji.

Ranar Lahadi cocin ya cika kamar ranar babban idin Ista. Mu mutum goma sha biyu muka gayyata, sauran duk 'yan jam'iyya ne da matansu, har da wani mai kyamarar gidan talabijin ɗin yankin. Fada Jerotej, limamin cocin, tsoho mai sanyin hali, ya kalle su ya kalle ni. Gvozden ya karɓi jaririn a farin zane, kyandir a ɗaya hannun. Ya juya yamma ya tsine wa Shaiɗan a madadin yaron, ya tofa yawu, ya karanta shaidar bangaskiya da murya kamar mai tallan kankana. Ni kuwa ina tsaye bakina na motsi, ina maimaita sunan mijina, hawaye na zuba tun ba a kai wurin ba.

Fada ya ce, "Kum, mene ne sunan yaro?"

Gvozden bai kalli Fada ba, kyamara ya kalla.

"Adam."

Na ɗauka kunnena ne. Rastko ya yi taku ɗaya gaba, Tijana ta riƙe masa hannun riga. Fada ya ɗan dakata, domin shi ma ya san alkawarin, ya sake tambaya a hankali. Gvozden ya sake faɗa, da ƙarfi wannan karon. Abin da kum ya faɗa shi Fada ke ɗauka. Aka tsoma jikana a ruwa sau uku da sunan Adam, yana tsala kuka, 'yan jam'iyya suna gyaɗa kai.

A harabar coci ya ɗaga yaron sama ya yi jawabi. Ya ce ga jinin gidan da ake koyar da biri, yau an mayar da shi ga ubansa na gaskiya, wanda Allah ya ƙera da hannunsa. Aka yi tafi. Wata mata da na koyar da 'ya'yanta uku ta share ƙwalla.

Na tare shi a bayan coci yana shirin shiga mota.

"Ka sumbaci gicciye, Gvozden. A gabana."

"Sassauta murya, Malama, mutane na ji. Adam mummunan suna ne? Sunan Littafi Mai Tsarki ne fa."

"Ka yi wa Obrad alkawari yana mutuwa!"

Ya duba hagu da dama, ya sunkuyo kusa da kunnena, yana ƙamshin turaren coci.

"Milunka, Obrad ba ya jefa ƙuri'a."

Ya shiga mota ya tafi taron gaba. Ko gidan walima bai leƙo ba, kujerarsa ta kan tebur ta zauna ba kowa, gasasshen aladen ya huce a gabanta.

Da baƙi suka watse Rastko ya ce gobe zai je ofishin rajista ya rubuta Obrad, kowa ya yi abin da zai yi. Tijana ta fashe da kuka. Ta ce a ƙauyensu an taɓa canza sunan da kum ya raɗa, yaron bai yi shekara ba. Ta ce, "Mama, ki yafe mini, ni ba zan yi caca da ɗana ba." Na buɗe baki zan ce mata camfi ne, ni da na ƙare rayuwata ina raba yara da camfi. Sai na ga yadda ta ƙanƙame shi, na rufe bakina. Gvozden ya san Tijana, ya san garin, ya san ba za a canza ba.

Yaron ya farka yana kuka, Tijana ta gaji, ta miƙo mini shi.

"Mama, riƙe mini Adam in ɗan watsa ruwa."

Na karɓe shi. Yaro ne mai kyau, ba ruwansa da kowa, ya damƙe yatsana da ɗan hannunsa. Na yi ta jijjiga shi ina zagaya ɗakin, ina so in lallashe shi, amma na rasa da wane suna zan kira shi.