Hannun Wutar Baƙa

Yana ɗaure igiyar takalminsa da safe, kansa a sunkuye, Tsohon Direba ya faɗa wa matarsa abin da ya daɗe yana ci masa rai: akwai wani ɗan sifirin da ya kamata ya sa wa Baƙa tun 'yarsu Auta tana makaranta, bai sa ba har yau. Matar ta ajiye butar shayi ta tambaye shi ko Auta ta sani. Ya ce ba sai ta sani ba, ai kwalin yana nan. Ta dube shi irin duban da shekarun zama tare ke koya wa mace, ta ce Allah Ya sa yana nan ɗin.

Baƙa ɗaya ce daga cikin tsofaffin motocin da Maigida ya tara a wani dogon zaure, Tsohon Direba kuma shi ke kula da su. Kowacce ya raɗa mata suna. Akwai Kaka mai ƙafa uku, wadda aka ƙera ta da siffar motar farko. Akwai Kunkuru mai inji a baya. Akwai Mai-Ɗamara, irin da ta fara zuwa da bel mai ratsa ƙirji da cinya. Baƙa kuwa tana cikin waɗanda aka fara haɗawa a kan layi mai tafiya, har ma'aikaci ya iya hawa abin da hannunsa ya ƙera. Ba ta tashi da makulli. Sai an sunkuya gabanta an wana ƙarfe, kuma kafin a wana, dole a tura wani ɗan hannun wuta da ke gefen sitiyari can sama. In ya sauko, injin zai yi harbi kamar jaki, ƙarfen ya juyo baya da ƙarfin da ke karya wuyan hannu.

Hannun wutar Baƙa ya daɗe da sakewa. In an tura shi sama, jijjiga kaɗan ce za ta zamo da shi. Da sifirin ɗin ya iso, Direba ya jefa shi cikin gwangwanin kusoshi, ya naɗe guntun kwali ya tokare hannun da shi, ya ce sai gobe. Goben ta yi ta haihuwar 'ya'ya. Daga baya ma ya daina yi wa kansa ƙarya: yana jin daɗin yadda ake cewa Baƙa ba ta jin maganar kowa sai tasa. Duk makanikin da ya zo, shi ke raka shi, ya kewaya da shi nesa da gefen sitiyari.

Yanzu kafaɗarsa ta gaza. Ranar buɗe zauren ga baƙi, Maigida ya yanke cewa Auta, wadda ta karɓi aikin yi wa baƙi bayani, ita za ta wana. Uban ya koya mata da kansa: hannun hagu, babban yatsa a jere da 'yan'uwansa, a fizgo sama, kada a taɓa turawa ƙasa. Duk gwajin da suka yi, shi ke zaune a sitiyari, gwiwarsa ta kare kwalin.

Da ya isa zauren ya tarar an goge komai har ƙasa na ɗaukar ido. Ya nufi Baƙa, Maigida ya tare shi da fara'a, ya riƙe masa hannu, ya ce yau ranar hutunsa ce. An ajiye masa kujera a layin gaba, shi Maigidan ne zai hau sitiyari saboda masu ɗaukar hoto. Direba ya buɗe baki, baƙi suka fara shigowa, aka ja igiyar da ta raba mutane da motoci. Ya zauna.

Auta ta fara daga Kaka. Muryarta a natse, ta ce wannan ce ta fara raba keke da doki, jama'a suka yi dariya da ta ce mai tafiyar sauri a ƙasa ma zai iya yi mata rakiya. Uban bai ji sauran ba. Ya karkata, ya miƙa wuya, yana neman ganin gefen sitiyarin Baƙa, amma hasken fitila ya kwanta a kan gilashin. Ya ce wa kansa kwalin a matse yake, mai shara ba zai lura da shi ba. Ya sake ce wa kansa mai sharar nan ba ya barin ko zare.

Suka iso Baƙa. Maigida ya hau da ƙyar, motar ta yi rangaji, ya gyara zama ta sake yin rangaji. Auta ta ce masa ya tura hannun wuta sama, ya tura, ya ɗaga wa masu hoto hannuwa biyu. Nan ne kan wani dogo ya kauce, Direba ya hango wurin. Ƙarfen yana ta sheƙi. Babu kwali.

Auta ta naɗe hannun rigarta. Wuyan hannun siriri ne, irin na uwarta. Ta sunkuya, ta jera yatsunta yadda ya koya mata, ta ɗago ta nemi ubanta da ido tana murmushi. Ya san in ya yi shiru wataƙila hannun ya tsaya. Ya sha tsayawa. Ya kuma san in ya yi magana, abin da ya gina a zauren nan ya rushe a gaban mutane.

Ya miƙe. "Auta, saki ƙarfen nan."

Bai ɗaga murya ba, amma zauren ya ji. Maigida ya yi dariya ya ce wa baƙi tsoho ya fara kishi, ba ya so amaryarsa ta amsa kiran wani. Aka yi dariya. Auta ba ta yi ba, ba ta kuma saki ba.

"Baba, na riƙe daidai."

"Kin riƙe daidai. Ni ne ban yi daidai ba. Ranka ya daɗe, dubi hannun wutar."

Maigida ya duba. Hannun ya sauko fiye da rabi. Ya mayar da shi sama, ya ɗan motsa a kujera, kowa yana kallo abin ya zamo a hankali kamar mai jin barci. Ya tambaya tun yaushe. Direba ya ce tun da daɗewa, kuma ya sani, kuma maganin yana cikin gwangwani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Auta ta zare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙe, ta sauke hannun rigarta, ta ce wa baƙi sun ga dalilin da ya sa duniya ta yi murna ranar da aka daina wana mota da hannu, sannan ta ja su zuwa Kunkuru. Maigida ya sauko, ya wuce ta gaban Direba, ya ce gobe za su zauna.

Da yamma, bayan zauren ya watse, Auta ta sami ubanta a durƙushe gefen Baƙa da filaya a hannu.

"Duk gwajin nan da muka yi, ka sani?"

Ya ce ya sani. Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Can ta ɗauki tocila ta haska masa ƙarƙashin sitiyari, ta ce ya matsar da kansa, yana tare haske.

Ya zazzage gwangwanin, sifirin ya faɗo cikin kusoshi, har ya fara tsatsa. Ya goge shi da gefen rigarsa, ya zura, ya ɗaure. Aikin bai kai shan kofin shayi ba. Ya tura hannun wutar sama, ya dafa motar ya girgiza ta da kafaɗarsa mai lafiya, sannan ya janye hannunsa.