Kullen Ƙarƙashin Dalbejiya

Saura daƙiƙa arba'in a agogon Zulkifilu, tafin hannunsa sharkaf da gumi. Wasan ƙarshe ne na gasar ces, wato darar Turawa, a wani zaure a Garki, kuma kujera ɗaya tak ta rage a tawagar Abuja. In ya ci, tasa ce. In aka tashi canjaras, ta Zacharias ce, malamin lissafin nan na Jiwa da ya fi shi da rabin maki a gasar. A ƙarfin wasa kuwa ba wanda zai nuna wa wani yatsa.

Kafin ya san ces, shekara ashirin Zulkifilu ya yi yana buga dara a gindin dalbejiya a Eriya Wan. A can, in ka toshe wa mutum hanya ya rasa inda zai motsa, shi ke nan, ka cinye shi. Abokinsa Kure da sauran 'yan gindin bishiya sun biyo shi, ga su can sun cika taga.

Wasa ya zo masa yadda yake so. Yana da sarauniya, shi kuwa Zacharias sarki kawai ya rage masa, ya maƙale a lungu. Sai dai agogo ba ya jira. Sha biyar. Goma. Kansa ya ɗauki zafi. Nan fa hannu ya yi abin da ya saba tun yana saurayi, ya tura sarauniya ya toshe kowace kafa, ya buga agogo.

"Na kulle ka!"

Zacharias ya daɗe yana kallon allon. Ba abin da ke barazana ga sarkinsa, kuma ba shi da gidan zuwa. A dokar ces, canjaras ke nan, kuma Zulkifilu ya san haka sarai, shi da yake koya wa wasu.

"Oga Zul," in ji Zacharias a hankali, kamar mai neman gafara, "wannan fa ba dara ba ne."

Alƙaliyar wasa ta miƙo takardar sakamako, kowa rabin maki. Da ƙyar Zulkifilu ya sa hannu.

Ta taga kuwa Kure sai tsalle yake yana tafi. "Ya kulle shi! Wallahi ya kulle shi!"

Zulkifilu ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa. Shi ne zai fita ya yi musu bayani.