Feni a Tambulan ɗin Anselmo

Ni mutumin feni ne, giyar nan tamu ta Goa a ƙasar Indiya, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Na kashu nake nufi, wanda ake tattake 'ya'yan a kan dutse a dafa ruwan a tukunyar ƙasa, ba na kwakwa ba. A zuba mini a ƙaramin tambulan, a matse lemun tsami, a barbaɗa gishiri, a tsaga ɗanyen barkono a jefa. Shi ke nan. Duk wanda ya sa mini ƙanƙara a ciki ya ɓata mini yammata.

Anselmo kuwa wuski yake sha. A unguwa ɗaya muka tashi a bakin kogi, shi Kirista, ni Hindu, amma wannan bai taɓa haɗa mu faɗa ba. Abin cikin tambulan ne ya haɗa mu. Yana saurayi ya samu aiki a manyan jiragen ruwa, yana kai wa hafsoshi abinci da abin sha. Ya dawo Goa da takalmi mai sheƙi, da "yallaɓai" a bakinsa ga duk mai kwat, da kuma hancin da ya ce ba ya iya jure warin feni. Ni ma a kan ruwa na ƙare ƙuruciyata, sai dai nawa jirgin fito ne, daga wannan gaɓa zuwa waccan, sannan a juyo.

Da ya bar aiki, kullum da yamma muna mashayar Diogo, teburin da ke kusa da taga. Kafin in zauna zai fara.

"Diogo, buɗe ɗaya tagar, ga Mukund ya zo da kananzir ɗinsa."

"Baturen kicin," in ce masa, "ka gama wanke musu kwanuka, ka kwaso ruwan wankin kana sha."

"Wannan abin da ka gani shekara goma sha biyu ya yi a ganga, jahili."

"To me ya hana shi fitowa tun da wuri? Kunya?"

"Kai ba ka da harshe a baki. Tsumma ne aka saka maka."

Haka muke har Diogo ya gaji ya ƙara murya a rediyo. Anselmo ba ya sa wa wuskinsa soda, ba ya sa ƙanƙara, sai ɗigon ruwa da yake zubawa da cokali kamar mai ba jariri magani. Sai ya ɗaga tambulan wajen haske, ya shinshina, ya lumshe ido, duk don ya ba ni haushi. Kuma haushin nake ji, ba na wasa ba. Sau nawa na tashi na bar masa teburin da rantsuwar ba zan ƙara zama da shi ba, kashegari kuma ni ne farkon zuwa.

Matata ta rasu, 'ya'yana maza suna Bengaluru, suna bugo waya ran Lahadi su tambaye ni ko ina shan maganin hawan jini. Matar Anselmo ma ta rasu. Diogo ya bi su, ɗansa ya gaji mashayar, ya kafa talabijin a bango. Duk wannan na ɗauka, don da yamma akwai wanda zai zage ni.

Sai rikicin tsufa ya kama Anselmo. Ya fara da manta inda ya ajiye tabarau, wannan kuwa duk muna yi. Daga nan wata rana aka tsince shi a bakin kasuwar kifi yana tambayar inda jirginsa ya tsaya. 'Yarsa Perpetua ta zo ta ɗauke shi zuwa tsohon gidan mahaifiyarta a ƙetaren kogi, inda take jinyarsa. Ina zuwa duba shi. Da farko yakan gane ni bayan an ɗan jima, daga baya sai ya daina. In na hau matakalar gidan sai ya miƙe da ƙyar, ya gyara wuyar rigarsa, ya ja mini kujera. Ya mai da ni ɗaya daga cikin hafsoshin jirginsa. Mutumin da ya shafe rabin rayuwarsa yana kirana jaki, yanzu "yallaɓai" yake ce mini.

Ban daina zuwa mashayar ba, amma ba ta da wani daɗi. Yanzu feni ya yi daraja, ana zuba shi a kwalabe masu ado ana sayar wa baƙi 'yan yawon buɗe ido. Samarin da ke kallon ƙwallo sukan ce, "Kawu Mukund ai shi ya san abu mai kyau." Wata yarinya daga Delhi har hoton tambulan ɗina ta ɗauka. Kowa ya yarda da ni, ni kuma sai in shanye in tafi gida tun rana ba ta faɗi ba. Kaɗaici ne, ba sai na saka masa wani suna ba.

Ana gab da damina Perpetua ta tare ni a kasuwa.

"Kawu, zan tafi da Baba birnin Pune. Mijina ya gaji da zama shi kaɗai da yara, kuma akwai asibiti kusa da mu."

"Yaushe?"

"Ƙarshen makon nan. Ka zo ku yi sallama."

Pune ba ƙarshen duniya ba ce, amma ga mai gwiwoyi irin nawa, ga kuma mutumin da bai san ka ba, ƙarshen duniya ce. Na san in ya tafi ya tafi. Abu ɗaya nake so kafin nan, ya dube ni sau ɗaya ya san ni ne. Na riga na gwada tsofaffin hotuna, na gwada sunayen malamanmu na firamare, na rera masa waƙoƙin bikin aurensa da wannan murya tawa mai kama da ta injin jirgi. Ya tafa mini, ya ce yallaɓai ya iya waƙa.

Ran Juma'a da yamma na cika wata ƙaramar kwalba daga tulun fenin da nake ajiya, na bara, mai ƙarfi, wanda in ka buɗe shi a tsakar gida maƙwabta za su sani. Na sa lemun tsami da barkono a aljihu, na hau jirgin fito. Yaran da ke tuƙa shi yanzu ba su san ni ba, ɗaya har ya ce mini in riƙe ƙarfe kada in faɗi. Hadari ya haɗu ta wajen teku amma bai sauko ba.

Na tarar da gidan cike da kwalaye. Anselmo yana zaune a kan dakalin baranda, an yi masa aski, yana kallon hanya. Na wuce shi na shiga kicin wajen Perpetua. Likita ya yarda a riƙa ba shi ɗan wuski kaɗan da yamma, don in ba a ba shi ba ba ya cin abinci. Ta riga ta ɗauko kwalbar da cokalin.

"'Yata, yau bar shi. Wannan za ki zuba masa."

Ta buɗe kwalbata ta shinshina, ta kawar da kai.

"Kawu, so kake ya watsa maka a fuska?"

"Shi nake nema."

Ta tsaya tana kallona. Ita ce yarinyar da ake aikowa ta kira ubanta daga mashaya, ta sha jin abin da muke gaya wa juna. Sai ta ɗauko tambulan ɗinsa mai nauyi, wanda ya zo da shi daga jirgi, wanda ko ruwa ba a yarda a sha da shi ba. Ni na haɗa da hannuna. Na matse lemun, na sa gishiri, na tsaga barkono na jefa, na yi masa yadda ya fi tsana.

Da na fito baranda ya yunƙura zai miƙe.

"Zauna, zauna," na ce.

"Barka da zuwa, yallaɓai. An ba ka wurin zama?"

Na zauna kusa da shi na miƙa masa tambulan. Ya karɓa da hannu biyu. Gabana yana faɗuwa kamar yaron da ya ɗana wa malami tarko. Hancinsa nake kallo, don na san yadda yake tattare shi, gefen hagu ya fara ɗagawa kafin bakin ya buɗe. Ya kai tambulan kusa da fuska. Ya ga barkonon yana yawo a ciki. Ya kurɓa, ya yi tari, idonsa ya kawo ruwa.

"Na gode, yallaɓai," ya ce. "Akwai daɗi."

Ya ƙara kurɓa. Ya ci gaba da sha a hankali har ya shanye, yana ɗan murmushi, irin shan da ake yi don kada a kunyata baƙo. Ya ajiye tambulan a kan dakali, ya goge bakinsa da hankici.

Raina ya ɓaci. Ban yi niyya ba, amma ya ɓaci.

"Anselmo, feni ne fa ka sha. Feni. Na kashu."

"Haka ne, yallaɓai."

"Ya fi wuski nesa ba kusa ba. Wuski ruwan wankin kwanuka ne. Sai wanda bai san ciwon kansa ba yake shansa."

Ya gyaɗa kai cikin ladabi.

"Ai kowa da abin da yake so, yallaɓai."

Ban taɓa jin magana mai zafi daga bakinsa kamar wannan ba. Da ya zage ni ta uwa ta uba da na yi dariya. Na juya ina kallon hanya don kada ya ga fuskata. Perpetua tana tsaye a bakin ƙofa da jarida a hannu, tana naɗe faranti, ta koma ciki.

Mai sayar da burodi ya wuce a kan keke yana danna ƙaho. Iska ta fara kaɗa ganyen kwakwa. Ina tunanin in tashi in kama jirgi kafin ruwa ya sauko, sai na ga ya sake ɗaukar tambulan ɗin, wanda babu komai a ciki sai barkono. Ya sa hanci a ciki ya daɗe.

"Akwai wani mutum," ya ce, ba ni yake kallo ba, "da yake shan wannan abin."

Ban motsa ba.

"Wane ne?"

"Wani jaki." Ya yi 'yar dariya, irin tasa ta da, ta hanci. "Ba shi da harshe a baki. Ka ba shi abu mai kyau ya ce ruwan wanki ne. Ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba."

"Yaya sunansa?"

Ya motsa baki, ya nema, bai samu ba. Ya girgiza kai.

"Kullum da yamma nan nake zama ina jiransa. Ya daina zuwa."

"Anselmo, ni ne. Mukund. Ga ni nan. Ban daina zuwa ba."

Ya juyo ya dube ni sosai, daga furfurata har sandar da ke tsakanin gwiwoyina. Kallon tausayi ya yi mini, kamar ba ya so ya ƙaryata babban mutum.

"A'a, yallaɓai. Shi ba tsoho ba ne. Baƙin gashi gare shi, ga faɗin kafaɗa. Shi ke tuƙa jirgin fito." Ya juya tambulan a hannu. "Ina jin wata magana na gaya masa ya yi fushi. Bakina ba shi da kyau. Matata ta sha gaya mini."

"Bai yi fushi ba."

"Ka san shi?"

Na dubi tambulan ɗin da ke hannunsa.

"Na san shi."

Fuskarsa ta washe. Ya kama hannuna, abin da bai yi ba tun da ciwon ya kama shi.

"To in za ka ƙetare za ka same shi a jirgi. Don Allah ka ce masa wasa nake yi. Duk wasa ne. Ka ce ya zo gobe, ina nan a baranda."

Goben, da sassafe, motar Pune za ta zo. Na ce zan gaya masa.

Ruwa ya fara ɗigowa. Na miƙe, shi ma ya miƙe, ya raka ni har bakin matakala kamar yadda ake raka baƙo, ya ce in yi hankali da santsi. Na sauka, na kai bakin hanya, sai na ji muryarsa a bayana.

"Kada ka manta, yallaɓai."

"Ba zan manta ba," na ce.